Wutar da Dikoda Ke Sha da Tsakar Dare: Alhakin Wa?

A watan Mayun 2002 masu amfani da TiVo a Birtaniya, na'urar da ke naɗar shirye-shiryen talabijin, suka wayi gari suka tarar da baƙon shiri a cikin na'urorinsu wanda babu ko ɗayansu da ya nema. Wani wasan barkwanci ne mai suna Dossa and Joe da BBC ke son jawo wa 'yan kallo, sai aka aika wa na'urorin umarni daga nesa suka naɗe shi, aka kuma toshe hanyar goge shi na wasu kwanaki. Jama'a suka yi caa, kamfanin TiVo ya ce ai bai ci wa kowa wuri ba, tunda dama akwai sashen rumbun ajiyar da ya keɓe wa kansa. Abin da ya tayar da ƙura a lokacin bai daɗe ba ya zama tsarin kasuwanci. A 2007 kamfanin Sky ya fito da Sky Anytime, inda dikoda ke karɓar fina-finai daga tauraron ɗan Adam cikin dare ta jibge su. A dikodar Sky HD ta farko, cikin gigabait 300 na rumbunta, 140 na kamfanin ne. Haka dikodar Explora ta DStv da ake sayarwa a kasuwanninmu take cika sashenta na Catch Up ba tare da mai gida ya zaɓi ko shiri ɗaya ba. Gardamar da aka yi ta yi a Birtaniya kan wurin ajiya ce. Wadda ta fi damun mai kiyaye haƙƙi ita ce ta wuta: na'urar da ke aiki mai ita na barci, lantarkin da take sha daga aljihun wa yake fita, kuma in ɓarna ce, wa zai amsa tambaya a kanta?

Dikoda mai naɗa ba ta mutuwa kamar yadda fanka ke mutuwa. In aka danna maɓallin kashewa a rimot, sau da yawa hoto ne kawai ke ɗaukewa. Sashen da ke kama sigina yana nan a farke, yana jiran jadawalin shirye-shirye, da sabuwar manhaja, da saƙon da ke tabbatar da cewa an biya kuɗin wata, da umarnin naɗar abin da kamfani ya turo. A 2011 ƙungiyar kare muhalli ta NRDC a Amurka ta fitar da rahoto cewa irin waɗannan akwatuna kimanin miliyan 160 da ke ƙasar sun sha yunit biliyan 27 na lantarki a 2010, daidai da abin da tashoshin wuta 9 masu ƙona kwal ke samarwa. Kuɗin ya haura dala biliyan 3 a shekara, kuma kashi biyu cikin uku ya tafi ne a lokacin da babu mai kallo. A lokacin, gidan da ke da dikoda mai naɗa ɗaya da wata ta biyu marar naɗa yana ƙona yunit 446 a shekara, fiye da sabon firji mai tsimin wuta. Firji ko ba komai yana hana miya lalacewa.

Hanin almubazzaranci a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin Suratul A'arafi aya ta 31, yana cikin Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27, kuma masu wa'azi sun saba fuskantar mai gida da shi: kashe fitila, rufe famfo, kada ka dafa abin da za ka zubar. Wannan wa'azi ya ginu ne a kan cewa ragamar abin tana hannun wanda ake yi wa. Malaman fiƙihu kuwa, da suke maganar lamunin ɓarna, sun bambanta wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi kawai, suka ce in biyun sun haɗu, a kan mai aikatawar ake ɗora hukunci. To a nan wane ne mai aikatawa? Mai gida ya jona waya a soket, ya ba na'urar ikon yin aiki. Iyakarsa ke nan. Wanda ya tsara cewa maɓallin kashewa ba zai kashe ba, wanda ya zaɓi sa'ar da rumbu zai fara juyawa, wanda ya aiko da umarnin, duk kamfani ne. Nisan da ke tsakanin ofishinsa da falon mutum bai mai da shi ɗan kallo ba, domin umarnin da aka aiko ta tauraron ɗan Adam aiki ne kamar danna maɓalli da yatsa. A ganina, tun ranar da kamfani ya karɓe zaɓin ya karɓe mafi yawan alhakin tare da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Babin ajiya a fiƙihu ya ƙara fito da abin fili. Idan mutum ya ba ka ajiyar rago, harawa da dusar da zai ci a kan mai ragon suke, kuma ba ta zama ajiya sai ka amsa ka karɓa. Fim ɗin da aka turo cikin dare kayan kamfani ne: shi ya zaɓe shi, shi zai goge shi ran da ya ga dama, wani ma sai ka biya kuɗin haya kafin ya buɗu. An ɗaure maka ragon a zaure ba sallama, an kuma bar maka ciyarwa. Ƙa'idar malamai ita ce wanda ke cin moriyar abu shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa. A nan an raba su biyu. Kamfani ne ke yin odar dikoda daga masana'anta, shi ke faɗin yadda za a ƙera ta, amma ba shi ke biyan kuɗin wutarta ba, don haka babu abin da ke matsa masa ya ƙara ko kwabo wajen sayen kayan ciki masu tsimi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai kare kamfani zai ce ai mutum da ƙafarsa ya je ya sayi dikoda, ya amince da sharuɗɗa, kuma Musulmi ana kama shi da sharaɗin da ya ɗauka. Gaskiya ne, ciniki bisa yardar juna shi ne abin da Suratun Nisa'i aya ta 29 ta halatta. Sai dai yarda tana buƙatar sani. Malamai sun ɓata cinikin da ke da jahilci mai yawa game da farashi ko haja, domin mutum ba ya yarda da abin da bai san girmansa ba. Mai saye ya san kuɗin dikoda, ya san kuɗin wata, amma wa ya gaya masa yunit nawa za ta ci a shekara alhali a kashe take a ganinsa? Fitilar gabanta ta koma ja, ya ɗauka ta kwanta. Shirun da ya yi shirun wanda bai ga abin magana ba ne, kuma irin wannan ba a lissafa shi izini. Da a ce an rubuta adadin ɓaro-ɓaro a jikin kwali, an kuma ba shi wurin da zai ce yana so ko ba ya so, da wannan hujja ta tsaya da ƙafarta.

Wani zai ce abin bai taka kara ya karya ba, ana yafe ɗan ƙanƙanin jahilci a ciniki. A yi lissafi. Na'urar da ke jan wat 20 dare da rana tana cin yunit 175 a shekara. A farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar NERC mai kula da lantarki ta sa wa masu amfani da wuta 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira dubu 39. Mai mitar kati ya san wannan ba ƙura ba ce. Ko da ya zama kaɗan a gida ɗaya, kamfani ba gida ɗaya yake hulɗa da shi ba: shawara guda ya yanke a ɗakin taro ta shiga gidaje miliyoyi, don haka da jimillar za a auna shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta amfani, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Watsa fim sau ɗaya daga tauraron ɗan Adam zuwa dikoda miliyan guda hanya ce mai hikima, musamman inda intanet ke da tsada ko rauni, kuma mutane da yawa suna jin daɗin tarar da shiri yana jiransu. Abin da aka ci moriyarsa ba a kiransa ɓarna. Haka kuma injiniya zai ce naɗar kanta ba ita ke cin mafi yawan wutar ba, zaman jiran ne, kuma ko babu turo shirye-shirye dikodar za ta zauna a farke. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su wanke kamfani ba. Wanda ya kalli abin da aka turo ya ci moriya, maƙwabcinsa da bai taɓa buɗe sashen ba ya biya kuɗin wuta iri ɗaya a banza, kuma amfanin wani ba ya halatta taɓa dukiyar wani. Shi kuwa zaman jiran, yawancinsa hidimar kamfani ce: tsaron katinsa, sabunta manhajarsa, cika rumbunsa. Sannan an ga cewa ba dole ba ne. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 cewa kayan lantarkin gida kada su wuce wat 1 a halin jira daga 2010, sannan rabin wat daga 2013, masana'antu kuma suka iya. Dikodojin kamfanonin da ake biyan kuɗin wata ne aka bar wa yarjejeniyar ganin dama. A Amurka, bayan surutun da rahoton 2011 ya jawo, kamfanonin suka ƙulla yarjejeniya a ƙarshen 2012, aka faɗaɗa ta a 2013, wutar da akwatunan ke sha kuma ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Sky ma tun 2007 ya sa wa dikodojinsa tsarin komawa halin jira da kansu cikin dare. Ɓarnar da ta ragu da zarar an tsawata, tun farko ana da ikon rage ta.

Wannan bai sauke wa mai gida komai da komai ba. Uzurinsa rashin sani ne, kuma uzuri ne da ke ƙarewa ran da ya sani. Daga nan abin da ke hannunsa ya hau kansa: ya duba saitin tsimin wuta in dikodarsa na da shi, ya zare ta daga soket in zai yi tafiya ko in babu shirin da ya sa ta naɗa, ya haƙura da 'yan mintunan da za ta ɗauka kafin ta tashi. Abin da ya wuce wannan ba nasa ba ne, kuma mai wa'azin da ya ɗora masa shi ya kama wanda bai yi laifi ba. Duk kamfanin da ke tura shirye-shirye cikin dikodar mutane wajibi ne ya faɗi yawan wutar da take ci a kunne da a halin jira, ya bar sashen turowa a rufe har sai mai gida ya buɗe da kansa, ya kuma sa maɓallin kashewa ya kashe da gaske. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su ya kamata su mai da waɗannan sharaɗin shigo da dikoda Nijeriya.