SHIN ƊA YANA GADON KUNNEN UBANSA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ji da gani da zukata, Ya kuma sanar da bayinSa cewa za a tambaye su a kan kowanne daga cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wani kuka da dattawa ke yawan yi a Kademi ta ƙasar Gaya, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Ajingi, kamar yadda ake yinsa a sauran ƙasar Hausa. Kukan kuwa shi ne, wai 'ya'ya sun yi watsi da kiɗan iyayensu. Uba ya tashi da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗa kuwa ya toshe kunnuwansa da igiyar wayar hannu yana kaɗa kai ga Hamisu Breaker ko Nura M. Inuwa. Da a ce maganar ta tsaya a kan raha da ba'a, da babu abin da zai kawo ta wannan fili. Amma takan kai ga ƙwace waya, da gaba a cikin gida, wani lokaci ma har uba ya fusata ya furta wa ɗansa baki. Don haka ya kamata a tambaya: shin son wani irin kiɗa abu ne da ake gado? In kuwa ɗa bai gada ba, ya saɓa wa ubansa ke nan a wurin Allah?

Dattawan da ke cewa a da ɗa yakan so abin da ubansa ke so ba su yi ƙarya ba. Sai dai ya kamata a duba dalili. A ƙasar Hausa ta dauri kusan kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, maharba suna da komo, sarakuna kuma suna da tambari da kakaki da algaita. Ƙasar Gaya ta san wannan ƙwarai, domin labarin gargajiya ya nuna daga Gaya ne Abagayawa maƙera suka tashi suka sauka gindin Dala wajen neman tama. To, ɗan maƙeri yana tashi a bakin zuga-zugi, yana jin ana kaɗa wa ubansa take, yana ganin yadda jikin uban ke tsima. Ranar da ya karɓi masaba, taken ya zama nasa. Haka ɗan manomi a wurin gayya: ganga tana kiran sunan kakansa, shi kuwa yana duƙe a kan kunya, in ya bari aka wuce shi ya ba gidansu kunya. Watau abin da ɗa ya gada shi ne sana'a da suna da matsayi a gari, kiɗan kuwa ya biyo su kamar yadda jela ke bin raƙumi. Yau ɗan mahauci yana tuƙa keke mai ƙafa uku a birnin Kano, ɗan maƙeri yana karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001. Wanda bai riƙe wuƙar fawa ba, me kalangu zai gaya masa?

Ko a cikin makaɗa su kansu, inda gado ya fi ƙarfi, ba a taɓa samun ƙa'ida guda ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan gado ne: ya koya a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, 'ya'yansa kuma suka ci gaba bayansa. Sani Aliyu Ɗandawo ma ya ɗauki kiɗan fada daga ubansa. Amma Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ɗan haye ne. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, don yana ganin roƙo ce wadda ba ta dace da gidansu ba. Wannan yaron da ya ƙi bin ra'ayin ubansa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, shi ne kuma dattawan yau ke kafa hujja da shi a kan 'ya'yansu. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma su ne dai suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Malaman Musulunci sun riga sun yi bayanin wannan tun da daɗewa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna kowane jariri ana haifarsa a kan tsarkin halitta, iyaye ne ke karkata shi zuwa ga addininsu. In har addini, wanda ya fi kome girma, ta hanyar reno yake shiga zuciyar yaro, to ina ga amon ganga? Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya tafi a kan cewa abin da mutum ya saba da shi shi ke gina halinsa har ya zame masa kamar ɗabi'a. Kunne yana son abin da ya saba ji a lokacin ƙuruciya da samartaka, musamman abin da ya ji tare da tsararrakinsa a dandali da gidan biki. A da uba ne mai wannan reno, don gida da gona da kasuwa duk wuri guda suke. Sa'an nan rediyo ya shigo ya raba renon da shi. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryar makaɗan Sakkwato da Katsina har ƙauyukan gabashin Kano. Kaset ya biyo baya, sai bidiyo, sai waya.

A nan ne ya kamata uba ya yi wa kansa adalci. Mutumin da yake da shekara 60 yau, saurayi ne a wajen 1985. Me yake saurare a lokacin? Kukumar Garba Supa, da gurmin Haruna Uji, da waƙoƙin Indiya na Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi waɗanda bai san ma'anar ko kalma goma a cikinsu ba. Nasa uban, wanda bai san wani kiɗa ba sai na noma da na salla, ya yi masa irin faɗan da shi yake yi yanzu. Kuma waƙoƙin soyayya na fina-finan Hausa da yake ƙyama, ai jikokin waɗannan na Indiya ne da tsararsa suka shigo da su gida. Batun cewa waƙar da duk hikima ce da tarbiyya, shi ma sai an tace. Akwai hikima mai yawa a cikinta, babu shakka, kuma Ɗan Maraya ya yi wa talaka da mai ƙaramar sana'a waƙoƙin da har yau ake amfana da su. Amma akwai zambo mai cin mutunci, akwai kiɗan bori da na gidajen karuwai, Shata kansa yana da sananniyar waƙa ta mashaya. Tsufa ba ya wanke waƙa. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka take naka ka hango na wani.

Alkur'ani Mai Girma, a cikin Suratuz Zukhruf aya ta 22 da ta 23, ya zargi mutanen da ba su da wata hujja sai cewa a kan haka suka sami iyayensu. Ko da yake ayoyin a kan aƙida suka sauka, sun koyar da cewa daɗewar abu a gida ba ta mayar da shi gaskiya. Saboda haka in uba yana so ya hana, sai ya nemi hujja a shari'a, shari'a kuwa ba ta san tsohon kiɗa da sabo ba. Malaman da suka tsananta sun dogara da fassarar da Abdullahi ɗan Mas'udu ya yi wa aya ta 6 ta Suratu Lukman, da hadisin Buhari mai zargin masu halatta kayan kiɗa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar nan, ya hana sauraren kayan kiɗa, ya yi sauƙi ga bandiri a wurin aure. A wannan mazhaba kalangun uba da fiyanon ɗa hukuncinsu ɗaya. Waɗanda suka sassauta, irin su Ibn Hazm da Imam Gazali, sun dubi abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai saurare. Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, yana ganin sauti yana motsa abin da ke kwance a zuciya ne, mai kyau ko mummuna. A wannan mazhabar ma ba a tambayar shekarun waƙa. Ko ta ina aka bi, uban da ya kashe wayar ɗansa ya kunna nasa kaset ba shi da madogara sai son rai.

Saɓanin kuma ya shiga har gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu ya soki yawan kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe, amma bayan jihadi ya sassauta, yana mai nuna cewa mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu ya tsaya a kan tsanani, kowannensu ya rubuta hujjarsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, tarbiyya ɗaya, ga shi fahimta ta bambanta, kuma ba a ji ɗayansu ya yanke zumunci ba.

Misalin da ya fi kusa da wannan magana yana cikin gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar wata salla, Sayyidina Abubakar ya shiga ɗakin 'yarsa Nana A'isha ya tarar da 'yan mata biyu na Ansar suna rera waƙoƙin yaƙin Bu'as, Manzon Allah kuwa yana kishingiɗe ya juya fuskarsa. Abubakar ya tsawata. Annabi ya umarce shi ya ƙyale su, don ranar idi ce. A lura da abubuwa a nan. Uba ya ƙi, 'ya ta so, kuma dukansu suna cikin mafifitan wannan al'umma. Annabi bai kira A'isha mai saɓa wa iyaye ba, bai kuma ce Abubakar ya yi mugun nufi ba. Ya dubi rana, ya dubi abin da ake faɗa, ya dubi masu faɗarsa, waɗanda A'isha da kanta ta bayyana cewa ba mawaƙan sana'a ba ne. Da haka ya yanke hukunci.

Wannan ba ya nufin an saki ɗa ya yi yadda ya ga dama. Biyayya ga iyaye wajibi ce a duk abin da ba saɓon Allah ba, sauraren waƙa kuwa, ko a wurin masu sassauci, bai wuce halal ba. In uba ya ce kada a kunna a gidansa, to an gama magana; wajibi ba ya ja da baya don halal. Abin da uba ba shi da iko a kai shi ne zuciya, ba zai iya tilasta mata ta ji daɗin abin da ba ta jin daɗinsa ba. Kuma Muslim ya ruwaito hani ga mutum ya yi mummunar addu'a a kan 'ya'yansa, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Wanda ya tsine wa ɗansa saboda amon waƙa ya sayar da doki don ya sayi linzami.

Akan sami kuma inda al'amarin ya juye, ɗa ya fi uba tsanani. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa a ƙasar Kano sun ga saurayi ya dawo daga wa'azi yana ƙin bandirin da ubansa Baƙadire ke zikiri da shi, ko ƙasidun bege da ake rerawa a Mauludi. Ba wurin warware wannan saɓani ba ne nan. Amma ko da ɗa ya tabbata shi ke da gaskiya, Suratu Lukman aya ta 15 ta umarci a zauna da iyaye da kyautatawa ko da sun kira mutum zuwa ga shirka, balle abin da bai kai nan ba. Annabi Ibrahim, a cikin Suratu Maryam, sau huɗu a jere yana kiran ubansa da lafazin tausasawa, alhali uban mai bautar gumaka ne. Saurayin da ya fasa rediyon tsohonsa da sunan sunna ya manta da wannan.

Abin da ya kamata ya dami iyaye a Kademi da sauran wurare, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne igiyar nan ta kunne. A zamanin akwatin rediyo zaure guda ke saurare tare. Yaro yana ganin inda ubansa ya yi murmushi, da inda ya tsuke fuska ya murɗa tasha, yana kuma ganin an kashe akwati da zarar ladan ya ɗaga murya. Ta nan yake koyon awo, ko da daga baya zai auna wata waƙa dabam da shi. Yanzu kowa da nasa shi kaɗai. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, ta kafa Hisba a 2003, amma babu hukumar da za ta shiga tsakanin kunnen yaro da katin wayarsa wanda aka cika masa da ɗaruruwan waƙoƙi a rumfar kasuwa. Uba yakan yi faɗa a kan abin da bai taɓa ji ba.

Da zai ce, "Kai, kawo in ji," ya saurara har ƙarshe, da ya tarar kayan gauraye suke. Akwai begen Annabi, akwai waƙar amarya da ango wadda ba ta fi ta 'yan matan dandali na zamaninsa ba, akwai mai batsa wadda ya wajaba a goge ta nan take. Akwai kuma waƙoƙin siyasa masu zagin mutane da siffanta halittarsu, waɗanda sau da yawa uban ne da kansa ke cewa a tura masa, in dai jam'iyyarsa aka yi wa.