Tuwon Dare da Kwalbar Dare

Duk wanda ya bi ta Bompai ko Sharada bayan sallar isha'i zai ga fitilun masu shayi da masu tuwo a bakin masana'antu. Lebura ya taso daga aiki, ko majemi ya fito daga kamfanin fatu a Challawa, ina zai ci abinci in ba nan ba? Matar da ke kwasa masa tuwo har tsakar dare halal take nema.

Amma daga Bompai zuwa mashayun Sabon Gari ba nisa, kuma ran albashi wasu can suke nufa. Tun da Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, an sha tara kwalaben giya a fasa a bainar jama'a. Duk da haka ba a rasa mai cewa guminsa ne, ya ci yadda ya so.

To, nasa ne shi kaɗai? Malaman fiƙihu sun tabbatar ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne a kan maigida, saboda haka tun albashin bai shiga aljihu ba akwai masu haƙƙi a cikinsa. Wanda ya shanye kuɗin hatsin gidansa laifi biyu ya ɗauka. Na giya tsakaninsa da Ubangijinsa ne, tuba na shafe shi. Na uwargida da ta kwana tana lallashin yara da yunwa kuwa, sai ya nemi gafararta.