Haƙƙin Barci da Yaro Yake Bin Iyayensa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya lissafa barci cikin ni'imominsa a Suratun Naba'i, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku jama'ar Tasawa da Mayahi, iyaye maza da mata, da ku kakanni da ake bar wa riƙon jikoki idan magidanta sun tafi cin rani Kano ko Agadas, ina yi muku tuni da wani haƙƙi na ƙananan yara wanda gafala ta rufe mana, shi ne haƙƙin barci. Sau da yawa yaron da bai isa shiga makaranta ba, wanda ake kira mai rigima ko mai ƙiwa, yana kuka ba dalili, yana cizon 'yan'uwansa, har a kai ga dukansa ko a ce iska ce ta shafe shi, idan aka yi bincike na adalci sai a tarar barci ne bai ishe shi ba, domin babba idan ya gaji sai ya lafa, shi kuwa yaro gajiya fitina take ƙara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, har da ƙailula.

Shari'a kuwa ta riga ta shimfiɗa ladubban wannan al'amari, gama Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Jabiru umarnin tsare yara a gida idan dare ya kawo jiki, sun kuma ruwaito daga Abu Barzata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana ƙin hira bayan lisha. To ina hujjarmu, alhali yaranmu suna zaune a fada har tsakar dare, ana ba su sauran shayi mai kore barci, ko a miƙa musu salula su yi ta kallo, ko su kwanta da yunwa saboda tuwo ya yi jinkiri, ko su kwana suna jin cacar baki tsakanin miji da mata ko tsakanin kishiyoyi? Yaron da ya kwanta cikin firgita ba ya samun natsuwa, haka ma wanda aka tsorata da dodo domin ya yi shiru.

Saboda haka, a ciyar da yaro da wuri ko da a tsakiyar aikin damina ne, a tsayar masa da lokaci guda na kwanciya, a ɗaura masa sange, domin sauro yana hana barci kuma yana kawo zazzaɓi, a tofa masa Falaƙi da Nasi, a lallashe shi da tattausan lafazi. Haramun ne a cutar da shi da maganin 'yan talla don ya yi barci. Idan rashin barcin ya daɗe, a kai shi likita. Kada kuma uba ya ce wannan aikin mata ne, domin hadisin Ibnu Umar ya tabbatar da cewa maigida makiyayi ne da za a tambaye shi a kan iyalinsa ranar hisabi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu. Amin.