Wane Ne Maƙwabcin Mutumin Kubwa?

Ana sallame sallar asuba a Kubwa, motoci sun fara jeruwa a ƙofofin rukunin gidaje, kowa na sauri ya hau babban titin shiga Abuja kafin cunkoso ya toshe shi. Haka abin yake a Suleja, haka a Mararaba da Nyanya ta ɓangaren Keffi, inda cunkoson ya fi muni. Gwamnatin Murtala Muhammad ce ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka tare a Disambar 1991 zamanin Babangida, sai aka wayi gari haya a Maitama da Wuse da Garki ta fi ƙarfin ma'aikacin da birnin ba ya tafiya sai da shi. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara kora jama'a bayan gari.

Mai iyalin da Allah ya ɗan hore wa yakan nemi gida a estet: katanga ta zagaye ko'ina, ƙofa ɗaya, ga maigadi, ga rijiyar burtsatse, wani wurin har da ƙaramin masallaci da Islamiyya. Wannan ba abin rainawa ba ne. Yara na tuƙa keke a layi ba fargabar ɗan acaɓa, kuma a ƙasar da garkuwa da mutane ta zama ruwan dare, uban da ya nemi katanga bai yi laifi ba.

Sai dai addini ya ɗora wa wannan uban wani nauyi da katangar ba ta sauke masa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya game da maƙwabci, har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci gado. Wasu magabata, irin su Auza'i, sun kai iyakar maƙwabtaka gida arba'in ta kowace fuska. A cikin tsohon birnin Kano ko Zariya ko Katsina, tsarin unguwa da kansa ke ɗaukar rabin aikin. Akwai zaure, akwai dakali, akwai masallacin da ake haɗuwa sau biyar a yini. Ba sai mutum ya tashi takanas ba kafin ya san maƙwabcinsa na kwance. Bai gan shi a sahu ba da asuba da azahar, la'asar na yi zai yi sallama a ƙofar gidansa. Mutumin Kubwa kuwa azahar da la'asar a ofis yake yin su, magariba ta riske shi a hanya, ya iso gida a gajiye yara sun fara gyangyaɗi. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. Tasa ƙafar tana kan totur.

Abin da ya maye gurbin dakali shi ne ƙungiyar mazauna: kuɗin tsaro, kuɗin shara, gudummawar gyaran taransifoma, da zauren WhatsApp da ake tuna wa waɗanda ba su biya ba. Malamai sun nuna cewa haƙƙin maƙwabci fuska biyu ne, wato a kame daga cutar da shi, sannan a kyautata masa. A fuska ta farko estet ta yi zarra, har ta fi tsohuwar unguwa. Ba mai sako maka ruwan wanki a ƙofar gida, ba mai tare maka hanya da mota, wasu wuraren ma akwai dokar lokacin kashe janareta. A ta biyun ne ake samun giɓi, domin ba a kyautata wa wanda ba a san halin da yake ciki ba.

A nan tambayar ta yi tsauri. Sanannen hadisin da ya kore cikar imani ga wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa, a wata ruwayar an ƙara sharaɗin cewa yana sane. Mazaunin estet zai iya cewa shi bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. To amma rashin sanin nan ba daga sama ya faɗo ba. Da bulo da siminti aka gina shi, kuma duk wata ana biyan kuɗin kula da shi. Da wuya uzuri irin wannan ya yi nauyin uzurin wanda ya bincika bai gano ba. Duk da haka adalci ne a tuna cewa mutumin da hanya ke cinye wa sa'o'i kullum ba girman kai ne ya hana shi ziyara ba.

Wani abin mamaki, tsadar rayuwa ta buɗe ƙofar da wa'azi ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, masu motoci da dama suka koma ɗaukar fasinja don rage kuɗin mai. Ga kuma tsoron 'yan wan cans, ɓarayin da ke shigar direbobin tasi, wanda ya sa kowa ya fi son shiga motar fuskar da ya sani. Maƙwabtan da suka shekara suna gaisawa da hon sai ga su a mota ɗaya safe da yamma. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i, bayan maƙwabci na kusa da na nesa, ta ambaci abokin da ke gefen mutum, kuma da yawa daga masu tafsiri sun ce abokin tafiya ake nufi. A cikin cunkoson Dutse Alhaji ko Gwarimpa ake jin wane ne matarsa ta haihu, wane ne aka sallama daga aiki.

Akwai kuma maƙwabcin da ba ya cikin ƙungiyar mazauna. Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) wanne za ta fara yi wa kyauta cikin maƙwabtanta biyu, ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. A gidaje da yawa na bayan Abuja, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta ɗakin maigadi. Sau da yawa Bahaushe ne daga can Arewa ko daga Nijar, ya baro iyali a ƙauye, yana gadin iyalin wani. Shi ya san sunan kowane yaro da lambar kowace mota. Masu gida nawa ne suka san sunan garinsu, ko yawan 'ya'yansa? Albashi haƙƙin ƙwadago ne. Na maƙwabtaka daban yake, kuma yana nan bai faɗi ba.

Bayan katangar ma akwai mutane: Gbagyi, waɗanda Abuja ta tarar a ƙasarsu, da leburori, da masu tura kurar ruwa. Yawancinsu ba su da rijiya, wasunsu kuma ba Musulmi ba ne, amma hakan bai fitar da su daga lissafi ba. An ruwaito cewa da aka yanka akuya a gidan Sahabi Abdullahi ɗan Amr, abin da ya yi ta tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. In aka ƙirga gida arba'in daga gidan da ke ƙarshen layi, rabinsu a wajen katanga za su faɗa.

Wasu masu gidaje sun gane haka, sun huda katanga sun fito da famfo ɗaya waje, mata da yara na ɗiba safe da yamma. A inda rijiyar ta kowa da kowa ce, sai maganar ta je taron mazauna, kuma a nan ake jin masu cewa famfo zai tara baƙin fuska a bakin ƙofa, da masu tambayar wa zai biya kuɗin wutar da za a riƙa jan ruwan.