Wutar Farkon Rani

Karatu: Afisawa 4:25-32

Idan damina ta ɗauke, gamba ta yi tsayi har ta shanye mutum, masu kula da gandun daji irin na Yankari a jihar Bauchi ba sa zaman jiran gobara. Su da kansu suke cinna wa dajin wuta, wajen Nuwamba zuwa Disamba, tun ciyawa na da sauran danshi. Ba da ka ake yi ba. Sai an share layi mai faɗi inda wuta za ta iso ta rasa abin ci, a jira iska ta kwanta, mutane su tsaya da ɗanyen reshe a hannu don kashe duk wadda ta yi tsalle. Wutar wannan lokaci ba ta da ƙarfi. Takan lashe busasshen sama ta bar saiwa da rai, kaɗanya da ɗorawa masu kaurin ɓawo su tsira, ba a jima ba toho ya fito, dabbobi su samu abinci.

Amma a bar ciyawar nan har Fabrairu ko Maris, hunturu ya tsotse ta ƙaf, to guntun taba ko wutar yara masu neman gafiya ta isa. Wannan ba ta san layi ba. Takan cinye ƙananan itatuwa, ta faɗa gonaki, wani lokaci har rumbu.

Ɗan'uwa, Bulus ya ja kunnen mutanen Afisa kada su bar fushi ya kwana a zuciyarsu, kuma ina ganin abin da ya hango ke nan. Maganar da matarka ta faɗa ranar suna, bashin da ƙaninka ya yi shiru a kai, gaisuwar da aka hana ka a ƙofar coci: kana cewa ya wuce, alhali tarawa kake yi. Ran da wutar ta kama, a kan abin da bai kai ya kawo ba, har yaran da ba su san komai ba sai ta shafe su.

Zuwa wurin mutum ka ce ya ɓata maka rai akwai zafi, neman gafara ma haka. Sai dai zafi ne mai iyaka. Ka fara da addu'a, ka nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kawai, ka tsaya kan magana ɗaya, ban da tono na bara.

Addu'a: Ya Ubangiji, nuna mini wanda nake riƙe da shi a zuciya, ka ba ni ƙarfin hali in same shi yau kafin rana ta faɗi. Amin.