'Yanci da Biyayya a Ƙarƙashin Teku

'Yan'uwa, akwai wata tsohuwar tambaya da ke raba kan iyaye da 'ya'yansu a gidaje da yawa, watau, mutumin da ke bin doka yana da 'yanci kuwa? Matashi yakan ga kowace doka kamar dabaibayi ce a ƙafarsa. Dattijo kuwa yakan ce a bi kawai, ba sai an tambayi dalili ba. Bari mu ɗauki tambayar nan mu kai ta wani wuri mai nisa da mu, inda amsar da ba daidai ba takan ci rai cikin 'yan mintoci.

Kowace shekara samari da 'yan mata daga Turai, Amurka da Ostareliya sukan bar gida da jaka ɗaya a goye, su yi watanni suna yawo a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Sukan kwana a masauki mai araha, su ci abincin bakin titi, su tashi ranar da suka ga dama. Ba maigida, ba malami, ba mai ce musu ina za ku. Da yawa daga cikinsu sukan shiga jirgin ƙasa na dare daga Bankok, babban birnin Tailan, su sauka a garin Chumphon, daga nan su hau jirgin ruwa zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Koh Tao, watau Tsibirin Kunkuru. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, amma ya yi suna a duniya wajen koyar da nutso da tukunyar iska. A nan ne wanda ya gudo daga dokokin gida yakan zauna a benci kamar ɗan makaranta, ana karanta masa dokoki.

Na'urar da ta sa wannan nutso ya yiwu ga kowa, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a shekarar 1943, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Mai nutso yakan goya tukunyar ƙarfe cike da matsattsiyar iska, ya sa bakin na'urar a bakinsa, ita kuwa ta riƙa ba shi iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Karatun farko yakan ɗauki kwana 3 ko 4. Ana farawa a ruwa marar zurfi, sa'an nan a shiga teku sau 4 tare da malami, a ƙarshe a ba ɗalibi katin shaida da ya yarje masa sauka har zurfin mita 18.

Doka ta fari da ake koya masa ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Wannan ya saɓa wa abin da kowane yaro da ya taɓa nutso a rafi ya sani, gama a rafi riƙe numfashi shi ne tsira. Amma ga dalili. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, a mita 30 kuwa sau huɗu. Tun shekarar 1662 Robert Boyle ya nuna cewa iska takan tsuke idan matsi ya ƙaru, ta kumbura idan ya ragu. Saboda haka wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso sama, iskar da ke cikinsa za ta nemi wurin da ya ninka na dā, huhu kuwa ba zai iya ɗauka ba, sai ya yage. Abin da jiki ke ce wa mai tsoro ya yi, watau ya rufe baki ya ruga sama, shi ne ainihin abin da zai hallaka shi.

Doka ta biyu ita ce ya taso sannu a hankali. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, a ƙarƙashin matsi kuwa yakan narke cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa, sai ya fito kumfa-kumfa kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an buɗe ta farat ɗaya. Sakamakonsa ciwon gaɓoɓi ne, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. A shekarar 1908 John Scott Haldane da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki, bayan sun yi gwaji da awaki a cikin ɗakin matsin iska. Har yau ana koya wa mai nutso ya tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya fito, ya kuma jira aƙalla awa 12, ko awa 18 in ya yi nutso fiye da sau ɗaya, kafin ya shiga jirgin sama. Sannu ba ta hana zuwa.

Doka ta uku ita ce kada ya shiga ruwa shi kaɗai. Kafin a faɗa teku, kowa yakan duba kayan abokinsa. Kowane mai nutso kuma yana ɗauke da bakin na'ura na biyu, sau da yawa mai ruwan ɗorawa don a gan shi da sauri, wanda aka tanada domin ɗan'uwan da iskarsa ta ƙare. Ku dubi wannan da kyau. Matafiyin da ya ce ba ya bukatar kowa, ga shi ya ba da amanar ransa ga baƙon da ya sadu da shi da safe, shi ma ya karɓi amanar ran baƙon.

To, me ya samu a madadin wannan biyayya? Ya sami abin da yawon watanni bai ba shi ba. Wanda ya koyi numfashi a natse yakan tsaya cak a tsakiyar ruwa ba tare da nauyi ba. In ya shaƙa ya ɗan tashi, in ya fitar ya ɗan sauka. Yakan ratsa lambunan murjani, ya ga kunkurun teku yana kiwo, ya ga garken kifi ya buɗe masa hanya ya sake rufewa a bayansa. Wanda ya ƙi dokokin nan ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gama ko dai tsoro ya kore shi ya koma jirgi, ko kuwa a fito da shi a kan makara. Ashe dokar ce ta buɗe masa ƙofar da ba ta buɗuwa ga mai yin abin da ya ga dama. 'Yanci iri biyu ne ke nan: akwai na wanda ba mai hana shi, akwai kuma na wanda ya iya. Na farko kyauta ake samunsa, amma ba ya kai mutum ko mita ɗaya ƙarƙashin ruwa. Na biyu sai da horo.

Mai hankali zai iya cewa, ai makarantun nutso kasuwanci suke yi, wasu dokoki kuma an yi su ne don a sayar da ƙarin karatu. Akwai gaskiya a ciki. Inda makarantu suka yi yawa suna gasar rage farashi, lalle za a sami malamin da ke gaggawa, da ɗalibin da ya karɓi kati alhali bai ƙware ba. Katin kwana 4 ba ya mai da mutum gwani, yana iya ma ruɗinsa. Amma wannan zargi bai taɓa dokokin nan uku ba, gama ba wata makaranta ce ta ƙirƙiro su ba. Daga halin ruwa da iska da jikin mutum suka fito. Teku ba ta san kati ba, ba ta karɓar cin hanci, ba ta kuma sassauta wa malami don shi malami ne.

A Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar, akwai wani rami mai zurfi a cikin murjani wanda matafiya ke zuwa gani daga ko'ina. A can ƙasa, fiye da mita 50, akwai wata kafa da ta ɓulle zuwa buɗaɗɗiyar teku. Iyakar da aka sa wa masu nutson nishaɗi mita 40 ce, domin tun daga wajen mita 30 naitirojin yakan fara bugar da mutum kamar giya, iskar tukunya kuma tana ƙarewa da sauri ninki huɗu ko fiye. Duk da haka mutane da yawa sun nemi ratsa kafar nan da tukunya ɗaya ba tare da horon da ya dace ba, suka mutu. A kan dutsen da ke bakin gaɓa an manna allunan tunawa da su. Ba mai tsaron ƙofa da ya hana su sauka. Suna da 'yanci iri na farko cikakke.

Sai dai kada dattawa su yi saurin murna, su ce ga shi mun faɗa. Gama akwai wata ƙa'ida da masu nutso ke koya wa juna: kowa yana da ikon tsai da nutso a kowane lokaci, bisa kowane dalili. Idan ɗalibin da ya fara jiya ya ɗaga babban yatsa sama, alamar a fita ke nan, malami da kansa zai bi shi, ba gardama a ƙarƙashin ruwa. Idan kuma jagora ya nemi kai mutane zurfin da ya wuce horonsu, wajibi ne su ƙi. Biyayyar da ake nema a nan ga gaskiyar al'amari take, shi malami kuwa bawan wannan gaskiya ne kamar ɗalibinsa. Shi ya sa malamin kirki ba ya cewa a yi don na ce. Yakan zana huhu a allo, ya kawo balan-balan ya nuna yadda take kumbura, har ɗalibi ya ga dalilin da idonsa. Ya san cewa ranar da tsoro ya zo, dokar da aka haddace kawai za ta gudu, wadda aka fahimta ce za ta tsaya.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan muna so mu gane doka mai 'yantarwa daga doka mai bautarwa, mu tambaya ko mai kafa ta zai iya faɗin dalilinta, ko shi ma yana ƙarƙashinta, ko kuma ta bar wa ƙarami damar cewa a dakata. Uban da ya hana ɗansa abin da shi kansa yake yi a ɓoye, kada ya yi mamaki in yaron ya ga dokar igiya ce. Matashin da ya yi watsi da gargaɗi don kawai gargaɗi ne, ya tuna cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma akwai abubuwa a rayuwa, kamar aure, riƙon amana da lafiyar jiki, waɗanda suke da nasu matsin kamar teku, ba sa tambayar ra'ayinmu. Iyaye su ɗauki wahalar bayyana dalili, 'ya'ya kuma su ɗauki wahalar sauraro kafin su yanke hukunci. Gidan da aka yi haka, dokokinsa za su ragu, waɗanda suka saura kuwa za a kiyaye su ko ba mai gani.