Faɗakarwa Kan Haɗiyar Ƙwaya Don Tsere wa Ciwon Sanyi

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, a shekara ta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba likitocin ƙasar shawarar su rubuta wa wani rukunin mutane maganin doksisiklin, miligiram 200, su haɗiye cikin awa 72 bayan saduwa, don gudun kamuwa da tunjere da ciwon sanyi. Gwajin da aka yi a biranen San Faransisko da Siyatil ya nuna kamuwa ta ragu da kusan kashi biyu bisa uku. Amma da aka gwada wa mata a Kisumu ta ƙasar Kenya, ba a ga wani amfani ba. Da yawansu ba su sha yadda aka tsara ba, kuma ciwon sanyin can ya riga ya gagari wannan jinsin magani.

Ku sani, Allah cikin hikimarsa ya ajiye ƙananan halittu masu ɗimbin yawa a hanjin ɗan Adam, suna taya shi narkar da abinci, suna tare wa cuta hanya. Magani kuwa bai san mai laifi da marar laifi ba. Binciken da aka buga a 2024 ya gano cewa bayan wata 6, alamun bijire wa wannan magani sun ƙaru a hanjin masu yawan shansa. Waɗannan halittu suna miƙa wa juna taurin kan, sa'an nan su bi hannu da ruwan sha su isa cikin wanda bai ji ba bai gani ba.

Wannan doksisiklin shi ne ake ba wanda kwalara ta kayar, kuma mutanen Maradi ba su manta da annobar 2018 ba. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a gaba.

Ba mu ce magani haram ne ba; shari'a ta umurce mu da nemansa, kamar yadda ta hana cutar da wani. Su can likita ke rubutawa, yana kuma auna mai sha bayan wata 3 zuwa 6. To ina hujjar wanda zai sayi kafso a faifan mai talla a tasha, wanda ya yini cikin rana, don ya ji ƙwarin gwiwar saɓon Allah? Bai kankare zunubin zina ba, bai tsira daga sida ba, ya kuma dusashe kaifin maganin da maƙwabcinsa zai nema gobe.

Wanda kuma aka jarrabe shi da ciwon, kada kunya ta hana shi zuwa likita, shi da iyalinsa duka, ko mata nawa gare shi, su shanye abin da aka rubuta musu har ƙarshe. Ciwon sanyi in an bar shi yana toshe wa mace haihuwa, tunjere kuwa yana ratsawa har ga ɗan da ke ciki. Ma'aikatan lafiya su ma su rufa asirin wanda ya zo musu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.